Furen biki a Garwa da Marwa: ɗanye, na roba, na lambu ko busasshe?

Idan lissafin biki ya zo kan fure, abin da aka saba shi ne a miƙa wa mai kwalliyar wuri waya a ce mata, "Hajiya, irin wannan muke so." Hoton kuwa an ɗauke shi ne a Dubai ko Abuja, a zauren da na'urar sanyi ba ta tsayawa. Mu kuma a Garwa muke, inda zafin Maris da Afrilu kan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, ga ɗaukewar wuta da ba ta sallama. Furen da ya yi kwana biyar yana sheƙi a can, a nan sa'o'i kaɗan sun isa ya langaɓe. Saboda haka ke amarya, ko ke yayar da aka ɗora wa hidimar, akwai abubuwan da ya kamata ki auna tun kafin ki biya kuɗin kafin alƙalami.

Abubuwan aunawa

Na farko wata da sa'a. Bikin Disamba da dare daban, walimar Afrilu da ƙarfe biyu na rana a ƙarƙashin rumfa daban. Ni a ganina wannan ya fi kuɗi muhimmanci, domin akwai lokacin da ko nawa kika kashe, rana za ta cinye shi. Gari ma yana da nasa hukunci. Ngaundere tana kan tudu, sama da mita 1,000, iskarta da sauƙi, abin da zai yi wuya a Garwa ko Marwa ko Kusiri can yana iya yiwuwa.

Na biyu nisan furen da ido. Akwai wanda amarya za ta riƙe a hannu, mai hoto ya matso har ya ɗauki ƙunshinta tare da shi. Akwai na kan teburin ango da amarya. Akwai kuma na bangon da ake ɗaukar hoto a gabansa da na bakin ƙofa, wanda ba mai zuwa ya taɓa ko ya shinshina. Kuskuren da ya fi cinye kuɗin mutane shi ne ɗaukar waɗannan ukun a matsayin abu ɗaya.

Sai sauran huɗun da kowa ya sani: kuɗi, ƙarko, wahalar haɗawa, da haɗarin da ke tattare da kowanne. A kan kuɗi, farashi yana motsi da wata da kuɗin jirgi, don haka lissafin kara, wato ƙirga furen ɗaya-ɗaya, ya fi amfani. Buken amarya matsakaici, wato ɗaurin furen da take riƙewa a hannu, yana cin wardi 20 zuwa 30. Ƙaramin ado na tsakiyar tebur yana cin kara 5 zuwa 7 ban da ganye. In kina da tebur 20, kin ga kara 100 zuwa 140 ke nan tun ba a zo kan bango ba, bango kuwa ɗaruruwa yake ci. Ki ƙara kashi ɗaya cikin goma na wanda zai karye ko ya lalace a hanya, sannan ki ninka da farashin kara ɗaya da aka gaya miki a ranar. Da yawa a nan suke sauya shawara.

Ɗanyen fure na oda

Wardin da ake gani a manyan bukukuwa mafi yawansa ba a Kamaru ake nomansa ba. Daga gonakin gefen tafkin Naivasha a Kenya yake fitowa, ko daga Habasha, wani kuma ya bi ta kasuwar Aalsmeer a Holan. Yana sauka Duwala ko Yawunde, sannan a turo shi arewa. In ta jirgin sama ne, sa'o'i kaɗan ne. In ta ƙasa ne, sai ya kwana a jirgin ƙasa daga Yawunde zuwa Ngaundere, ya hau mota ya gangaro kilomita wajen 275 zuwa Garwa, mai zuwa Marwa kuma ya ƙara sama da 200. Mutanen Kusiri Njamena ta fi musu kusa, gada kawai za a tsallaka, kuma jirgin Addis Ababa yana sauka can. Ban da na waje, kudancin ƙasar nan ma yana noma furannin yanki mai zafi, irin su helikoniya da anturiyom, a wajajen Penja da Njombe, ana kuma samun su a kasuwar fure ta Bonapriso a Duwala.

Kyau kam babu na biyunsa, musamman a hoto na kusa. Amma wardi yana son sanyin digiri 2 zuwa 5 tun daga gona, kuma duk sa'ar da ya yi a waje da wannan sanyin ana cire ta ne daga kwanakinsa. Lokacin da kwalin ya iso hannunki, ba ki san sa'a nawa ya yi a filin jirgi ko a saman mota ba, sai dai furen da kansa ya gaya miki. Ki kama gindin tohon da yatsa biyu ki ɗan matsa. In ya yi tauri, sabo ne. In ya yi lagwaf-lagwaf, ya kwana biyu. Ki juya karan ki dubi wurin yanka: fari-kore mai tsabta ake so, wanda ya yi baƙi yana yauƙi kuwa ya fara ruɓewa. In kika ga an fige fallayen waje da yawa har tohon ya zama siriri, an yi ne don a ɓoye tsufansa.

Da zarar ya iso, a yanke ɗan ƙarshen kowane kara a karkace da wuƙa mai kaifi, a cire duk ganyen da zai nutse, a tsoma a bokiti mai tsabta. A zuba ɗan sukari da ɗan ruwan lemun tsami da 'yan ɗigon ruwan jabel na wankin fararen kaya, sukarin abinci ne gare shi, jabel kuma yana hana ruwan wari. A bar shi ya sha ruwa aƙalla sa'a huɗu kafin a fara ɗauri. Firijin gida akwai tarko a cikinsa: mangwaro da ayaba da tumatir in suna nuna suna fitar da wata iska da ke tsofar da fure da wuri, ga shi kuma lokacin mangwaro shi ne lokacin zafin da aka fi neman firijin. Helikoniya da anturiyom da orkide kuwa ba a sa su a firiji sam, sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10 yana baƙanta su. Ɗaki mai na'urar sanyi, a rufe, nesa da fanka, shi ya fi musu.

Ba duka ɗanye ne rago ba. Kaneshon da kirisantimom da orkide suna jure zafi fiye da wardi, ƙananan fararen ɗigon nan na jipsofila kuma ko sun bushe suna riƙe siffarsu. Hortensiya, mai manyan dunƙulen fure, ita ce ta fi kowa saurin faɗuwa, ban ba kowa shawarar kawo ta Garwa a bazara ba. Lili yana da ƙamshi da girma, sai dai garin rawayan da ke tsakiyarsa in ya taɓa farin leshi ko laffaya, tabon ba ya fita da sauƙi. A cire shi tun furen yana buɗewa. In kuma ya riga ya zuba a tufafi, kada a goge da hannu ko ruwa, a ɗora salatef a ɗaga.

Wata magana kan ƙamshi, don na sha jin ana cewa saboda shi ake son ɗanye. Wardin da ake nomawa don fitarwa waje an zaɓe shi ne saboda tsawon kara da jure tafiya, yawancinsa ƙamshinsa kaɗan ne. A zauren da aka kunna turaren wuta, mata kuma kowa ta sha humra, ba wanda zai ji shi.

A kuɗi shi ne mafi tsada, kuma da tazara. Tsadar tana ƙaruwa a makonnin da suka gabaci 14 ga Fabrairu, ranar masoya, lokacin da duniya duka ke neman jan wardi. Babban haɗarinsa jinkiri ne: in jirgi ya ɗage tashi da kwana ɗaya, ba a ɗage ɗaurin aure.

Furen roba da na yadi

Wannan shi ne abin da ke kan mafi yawan bangon hoto da bakan ƙofa a bukukuwanmu, ko an faɗa ko ba a faɗa ba. A Sin ake yin mafi yawansa, yana shigowa ta tashar jirgin ruwan Duwala ko ta hannun 'yan kasuwar da ke sayayya a Dubai da Najeriya. Zafi bai dame shi ba, jirgi bai dame shi ba, ana iya kammala kwalliya tun ana gobe biki, a yi kamu da shi, a yi walima da shi, a kwashe a kai wurin dina.

Sai dai suna suka tara. Akwai mai ƙyalli irin na leda, wanda ko daga bakin ƙofa an san roba ne, hasken kyamara in ya doke shi sai ya ƙara tona masa asiri. Akwai na yadi mai laushi, akwai kuma wanda aka shafa wa wani danƙo har in kin taɓa sai ki ji kamar ɗanye. Na ƙarshen nan kara ɗaya na iya kamo farashin ɗanyen wardi ko ya wuce, bambancin shi ne ba ya mutuwa. Wajen saye, ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a jan furen, in launi ya fito zai fito a rigar amarya in ta yi gumi. Ki ja kan furen a hankali ki ga ko zai cire. Ki dubi bakin fallayen ko zare ya fara warwarewa. Araha ba ta ado, a nan kam maganar ta zauna daidai.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce saye ko haya. In biki ɗaya ne, haya ta fi, domin bango guda yana cin fure mai yawa, bayan biki kuma ya zama kaya a ɗaki yana tara ƙura. In gidanku akwai 'yan mata uku ko huɗu a layi, ko dangi za su haɗa kuɗi, saye na iya fitar da kansa. Haya kuma tana da nata sharaɗi. Ki je da ƙafarki ki ga kayan da za a kawo, kada ki tsaya kan hoto, domin farin furen da ya zaga bukukuwa a hunturu ya koma ruwan ƙasa, jan da ya sha rana kuma ya koɗe. A rubuta adadin abin da aka kawo, a kuma yi magana tun farko kan wanda zai biya in baƙi suka zare wasu suka tafi da su, don yara da ma manya sukan zara.

Haɗarinsa na gaske wuta ne. Roba da yadi suna kamawa nan take. Kaskon turare da kyandir su yi nesa da shi, fitilun da ake saƙalawa a cikin bango kuma su zama irin waɗanda ba sa zafi.

Abin da ke lambunanmu

Wannan ɓangaren nake ganin an fi yi wa rashin adalci. A tsakar rani, lokacin da wardin waje ke mutuwa a hanya, buganbiliya tana cika katangun Garwa da Marwa da ja da shunayya da fari da ruwan lemu. Kariya, wadda ke tsirowa da kanta a duwatsun Mandara, a lokacin take fitar da furenta ruwan hoda a kan reshen da ba ganye. Itacen filambuwayan yana ja wur gab da faɗuwar damina. Ga farangipani mai fari da rawaya, ga iksora, ga furen lalle da yasmin masu ƙamshin da ya fi na wardin oda nesa ba kusa ba. Ganye kuwa ba a magana: dogon yaro, mangwaro, ganyen dabino, duk suna cika wuri.

Amma a faɗi gaskiya, yawancinsu ba sa son yanka. Buganbiliya in aka datse ta, kafin a gama jera kujeru ta fara yaushi. Farangipani yana yin baƙi-baƙi a wurin da yatsa ya taɓa. Maganin shi ne a bar su da ransu a cikin tukwane. Masu sayar da shuke-shuke a bakin titi suna da su, wasu suna yarda da haya. A jera tukwanen buganbiliya da ƙananan dabinon ado a hanyar shigowa da gefen kujerar amarya, a naɗe tukwanen da yadin da ya dace da anko ko a sa su cikin kwanduna irin na masu sana'ar hannu na Marwa. A ba su ruwa da asuba, za su wuni a tsaye ko da rana ta take. Bayan biki, in saye aka yi, a kai su gidan amarya su zama adon tsakar gidanta. Yankakken kuma a ajiye shi don abin da ba ya buƙatar daɗewa: a tsinko da sassafe, a watsa fallaye a kan tebur ko a hanyar da amarya za ta taka, ko a sa kawunan farangipani su yi iyo a ƙwarya mai ruwa.

Kuɗinsa kaɗan ne, wani lokaci roƙo ne kawai a gidan maƙwabta. Wahalarsa ɗauka da saukewa, tukwane suna da nauyi, sai an tanadi mota da samari. Haɗarinsa kuma ba na wasa ba ne. Ruwan jikin kariya guba ne, da shi maharba ke shafa kibiya a da. Loriye-roz, mai dogon siririn ganye da ake shukawa a bakin hanya, duk jikinsa guba ne. Nonon tumfafiya in ya shiga ido yana iya yin lahani. Waɗannan kada su hau teburin abinci, kada su shiga hannun amarya, kada a ajiye su inda yara ke wasa. Buganbiliya kuma tana da ƙaya mai kama leshi, a ja tukwanen baya kaɗan daga hanya.

Busasshen kaya

Auduga a kan karanta, kaba, zangarniyar gero, kan kyasuwa da gamba. Ƙasar auduga muke, daga Nuwamba zuwa Janairu ana samun ta fara tas a gona. Ba ya yaushi, ba ya cin kuɗi, ana haɗa shi makonni kafin biki, kuma yana kyau ƙwarai da launin zinariya da ruwan madara. Aibinsa uku: yana kama ƙura, ya fi roba saurin kama wuta, kuma wasu iyaye ba za su ga ado a cikinsa ba, za su ce an kawo musu kayan gona wurin biki. A tuntuɓi su Inna tukuna. Shi kaɗai ba ya ɗaukar biki, amma yana rage yawan furen da za a saya.

| | Kuɗi | Ƙarko a zafi | Wahala | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Ɗanye na oda | mafi tsada | sa'o'i a rana, kwana 2 zuwa 4 a ɗaki mai sanyi | sai gwani da wurin sanyi | jinkirin jirgi, ɗaukewar wuta |
| Roba, haya | matsakaici | duk kwanakin biki | kaɗan | tsohon kaya, wuta, biyan abin da ya ɓace |
| Roba, saye | tsada a farko | shekaru, in an adana | wanki da ajiya | koɗewa, zubar launi |
| Tukwanen lambu | araha | wuni da kwanaki | ɗauka da ban ruwa | guba, ƙaya |
| Yankakken na lambu | kusan kyauta | sa'o'i kaɗan | tsinka da asubar ranar | saurin yaushi |
| Busasshe | araha | watanni | kaɗan | wuta, ƙura |

Buken hannu

Ko wanne kika zaɓa, a nan nake so ki tsaya ki yi tunani. Amaryarmu ta zauna sa'o'i an zana mata lalle har gwiwar hannu, sai a miƙa mata buke mai faɗin faifai ya rufe aikin duka. Ƙarami mai zagaye ya fi, ta riƙe shi ƙasa-ƙasa daidai cibiya, ƙunshi da zobba su fito. In laffaya za ta sa ko leshi mai yawan duwatsu, launi ɗaya ko biyu da ɗan kore sun wadatar. In rigar fara ce sumul, a nan buke zai iya ɗaukar launi mai ƙarfi. A cire ƙayar wardi duka, a tsane ƙarshen kararen da tawul kafin a naɗe da satin, don ɗigon ruwa ɗaya yana barin shaida a gaban riga. Buken ya zauna a kofin ruwa a ɗaki mai sanyi, sai an ce ga mota sannan a miƙa mata.

Na kan tebur kuma ko dai ya yi ƙasa da santimita 30, ko a ɗaga shi a kan siririn abu ya wuce kan mai zaune, don mutane su ga juna. A tuna kuma teburinmu tire-tiren abinci da kuloli ke hawa, a bar musu wuri. Koren soson nan da ake soka ɗanyen fure a ciki, a ɗora shi a kan ruwa ya nutse da kansa. In aka danna shi da hannu, tsakiyarsa a bushe take zama, furen da ya faɗa wurin kuma ya mutu da ƙishi.

Wanne ya dace da wa

In bikinki tsakanin Maris da Mayu ne a Garwa, Marwa ko Kusiri, kuma a rumfa za a yi da rana, ki haƙura da ɗanye a kan bango da tebur. Ki yi hayar na yadi mai kyau, ki ƙara da tukwanen buganbiliya. In ranki ya kafe kan ɗanye, ya tsaya a buken hannu, a yi shi da kaneshon ko orkide, a kuma ajiye wani na yadi a gefe ko da jirgi zai saɓa.

In dina ce ta dare a zaure mai na'urar sanyi da janareta, a Disamba ko Janairu, kuma aljihu ya yarda, ɗanye a buke da teburin ango da amarya ya cancanci kuɗinsa. Bango dai na haya, ba wanda zai gane daga nisan taku goma. A sa odar ta iso ana jibi biki, ba ranar ba.

In a Ngaundere kike, kina da sararin da sauran ba su da shi: jirgin ƙasa a garinku yake tsayawa, iska da sauƙi, kina iya faɗaɗa ɗanyen har zuwa teburin baƙi.

In hidimar za ta ɗauki kwana uku ko huɗu, daga kamu zuwa buɗar kai, a wurare daban-daban, na roba ne ya fi sauƙin binki har ƙarshe. Gidan da ke da 'yan mata da yawa a gaba su saya mai kyau sau ɗaya, su wanke da ruwan sabulu bayan kowane biki, su shanya a inuwa, su rufe a akwati.

In kuma kuɗin kaɗan ne, walima ce a tsakar gida, tukwane shida ko takwas a bakin ƙofa da gefen kujerar amarya, kwanduna biyu na auduga da kaba, da ƙaramin buke na yadi mai laushi sun isa. A tura ƙanne su tsinko furen lalle da yasmin bayan sallar asuba, a zuba a ƙananan ƙore masu ruwa a ajiye kusa da inda amarya za ta zauna.